Likita da Mai Kiran Kurwa: Darasi Kan Harshe da Warkarwa a Wajen Al'ummar Hmong

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan ɗauka cewa aikin tafinta bai wuce ya karɓi kalma daga wannan baki ya miƙa ta ga wancan kunne ba. Wannan fahimta tana iya wadatarwa a kasuwa, inda hajar da ake ciniki a kanta take shimfiɗe a gaban kowa. A asibiti kuwa lamarin ya fi haka nauyi, domin sau da yawa majinyaci da likita ba su ma daidaita a kan abin da ake kira ciwon ba, balle a zo ga maganinsa.

Wannan maƙala za ta duba wata al'umma da ake kira Hmong, wadda yaƙi ya raba da duwatsun ƙasar Laos ya kai ta biranen Amurka, inda masu warkarwarta na gargajiya suka haɗu da likitocin zamani a kan majinyaci ɗaya. Za a fara da tarihinsu da harshensu a taƙaice. Daga nan sai a duba yadda suke kallon rashin lafiya da kuma aikin mai warkarwar da suke kira txiv neeb. Bayan haka za a kawo labarin wata yarinya mai suna Lia Lee da gyare-gyaren da suka biyo bayansa. A ƙarshe za a gwada fassara wasu kalmominsu zuwa Hausa. Manufar ita ce ɗalibi ya ga yadda sunan da aka ba ciwo yake zaɓa wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa neman magani, ya kuma ga nauyin da yake wuyan duk wanda ya tsaya tsakanin harsuna biyu.

2.0 Su Wane Ne Hmong?

Asalin Hmong kudancin ƙasar Sin ne, inda hukuma take sanya su cikin rukunin ƙabilun da ake kira Miao. A ƙarni na 18 da na 19, sakamakon yaƙe-yaƙe da matsin masu mulki, da yawansu suka gangara kudu suka zauna a kan tsaunukan Biyetnam da Laos da Tailan da Bama. Manoma ne masu shuka shinkafar tudu da masara, suna kuma kiwon aladu da kaji. Sun kasu zuwa manyan zuriyoyi da aka fi ƙidayawa 18, irin su Lee da Vang da Yang da Xiong da Moua. Mutum ba ya aure a cikin zuriyarsa, kuma dattawan zuriya su ne suke yanke shawara a kan manyan al'amura, har da na jinya.

Daga farkon shekarun 1960 hukumar leƙen asirin Amurka ta ɗauki dubban mazajen Hmong aikin soja a Laos, ƙarƙashin Janar Vang Pao, domin yaƙar 'yan kwaminis. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulkin ƙasar a 1975, sai ramuwar gayya ta faɗa kan Hmong. Jama'a masu ɗimbin yawa suka bi daji da ƙafa, suka ƙetare kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira a Tailan. Wanda ya fi shahara cikin sansanonin shi ne Ban Vinai. Daga can aka rarraba su zuwa Amurka da Faransa da Ostareliya da wasu ƙasashe. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta nuna Hmong kimanin 260,000, ta 2020 kuwa ta nuna sun haura 300,000. Sun fi yawa a jihohin Kaliforniya da Minesota da Wiskonsin.

Ya kamata a lura da cewa ba dukan Hmong ne suke bin addinin gargajiya ba. Wani kaso mai yawa ya karɓi Kiristanci tun suna Laos, kuma a yau akwai likitoci da ma'aikatan jinya da lauyoyi 'yan asalin Hmong. Abin da za a bayyana a nan ya shafi gidajen da suka riƙe tsohuwar hanya ne.

3.0 Harshensu da Rubutunsa

Kafin a ci gaba, dole a koyi karanta kalmomin da za su zo, in ba haka ba za su yi wa ɗalibi kwarjini a banza. Harshen Hmong yana cikin dangin harsunan da ake kira Hmong-Mien. Yawancin kalmominsa masu gaɓa ɗaya ne, kuma harshe ne mai karin sauti kamar Hausa. Manyan kare-karensa biyu a Laos da Amurka su ne na Hmong Fari da na Hmong Kore.

Rubutun da aka fi amfani da shi an tsara shi ne a Laos tsakanin 1951 da 1953. 'Yan mishan uku, wato William Smalley da Linwood Barney da Yves Bertrais, su ne suka tsara shi tare da wasu 'yan Hmong. Dabarar da suka yi ita ce: tun da kalmomin harshen ba sa ƙarewa da baƙi, sai suka mayar da baƙin ƙarshen kalma alamar karin sauti. Saboda haka ba a furta shi. Harafin b yana nuna karin sama, j faɗau daga sama, v mai tashi, s na ƙasa, g mai fita da huci, m na ƙasa mai maƙurewa, rashin baƙi kuwa karin tsakiya. Dubi waɗannan misalai, waɗanda duk gaɓar "po" ce:

pob: ƙwallo
poj: mace
pov: jefa
pos: ƙaya
pog: kaka ta wajen uba
pom: gani

Haka kuma idan aka ninka wasali, to ana furta shi ta hanci. Shi ya sa suke rubuta sunansu Hmoob amma a furta "Hmong". Harafin x yana wakiltar sautin "s", shi kuma s yana wakiltar "sh". Ke nan txiv neeb ana furta shi kusa da "tsi neng", plig kuwa "pli". A nan ɗalibin Hausa zai ga bambanci da namu tsarin, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, sai jimla ta raba gardama tsakanin gari na zama da gari na tuwo. Akwai kuma wani rubutu na daban mai suna Pahawh, wanda wani manomi, Shong Lue Yang, ya ƙirƙiro a 1959.

4.0 Yadda Hmong Suke Kallon Rashin Lafiya

A tunanin Hmong na gargajiya, ciwo yana da mafari fiye da ɗaya. Akwai ciwon da yake zuwa daga abinci ko sauyin yanayi ko faɗuwa. Irin wannan aikin masu ganye ne, waɗanda yawancinsu mata ne, da masu tausa da ƙaho da goga kuɗin azurfa ko cokali a fata. Akwai kuma ciwon da ya shafi ɓoyayyar duniya, kuma a nan ne kalmomi biyu suke da muhimmanci: plig da dab.

Plig wani abu ne maras ganuwa da yake zaune a jikin mutum yana riƙe da lafiyarsa. Sun yarda cewa mutum yana da plig fiye da ɗaya, sai dai adadin ya bambanta daga gida zuwa gida; wasu su ce uku, wasu su ce goma sha biyu. Plig yana iya barin jiki idan mutum ya firgita, ko ya faɗi, ko ya yi baƙin ciki mai tsanani, ko ya yi nisa da danginsa. Wannan shi ake kira poob plig, wato faɗuwar plig. Alamominsa su ne kasala da rama da rashin cin abinci da rashin barci. Dab kuwa halittun ɓoye ne. Akwai na gida masu tsare ƙofa da murhu da ginshiƙin ɗaki, akwai na kakanni, akwai kuma na daji da ruwa waɗanda suke iya kama plig su riƙe.

Wannan imani yana bin mutum tun daga haihuwa. A ƙauyukan Laos ana binne mabiyiyar jariri a cikin ɗaki, ta namiji a gindin babban ginshiƙi, ta mace a ƙarƙashin gadon iyaye. Suna kiran mabiyiya da kalmar da take nufin riga, domin a ganinsu ita ce rigar mutum ta farko, kuma idan ya mutu sai plig ɗinsa ya koma ya ɗauke ta kafin ya isa ga kakanni. A rana ta uku da haihuwa ana yin hu plig, wato kiran plig, a raɗa suna. Wani dattijo yakan tsaya a bakin ƙofa da kaza da ƙwai da shinkafa da turaren tsinke yana kira. Bayan haka sai a yi khi tes, wato dangi su ɗaura wa mutum farin zare a wuyan hannu suna sa masa albarka, domin plig ya zauna daram.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa tsofaffin Hmong suka riƙa tsoron asibiti. Da yawansu sun ɗauka jinin mutum ƙayyadajje ne, wanda aka ɗiba ba ya dawowa. Suna ganin allurar sa barci tana buɗe wa plig hanyar fita. Suna gudun tiyata da binciken gawa, domin a ganinsu wanda aka yanke wa wani sashe haka zai dawo duniya da naƙasa. Ambaton mutuwa a gaban majinyaci kuwa tamkar kiranta ne. Sa'annan likita yana neman sa hannun majinyaci shi kaɗai, alhali a wajensu wannan magana ce ta miji da uba da dattawan zuriya.

5.0 Txiv Neeb da Aikinsa

Idan ganye da kiran plig na cikin gida suka gaza, sai a nemi txiv neeb. Neeb su ne mataimakansa na ɓoye, txiv kuwa a nan tana nufin uba ko mai abu. Mata ma suna wannan aiki. Ba sana'a ba ce da mutum yake zaɓa wa kansa. Yawanci sai ya yi doguwar jinya da aka rasa kanta, sannan wani tsohon mai neeb ya duba ya ce neeb ne suke nemansa. Idan ya amsa kiran ya samu sauƙi, sai ya zauna a ƙarƙashin wannan tsoho ya koyi waƙe-waƙen aikin da ƙa'idojinsa. Suna danganta asalin aikin ga Siv Yis, wanda a labaransu shi ne mai warkarwa na farko.

Aikin kashi biyu ne. Na farko ua neeb saib, wato duba, domin a gano abin da ya faru da plig. Idan majinyaci ya fara samun sauƙi bayan wasu kwanaki, sai a yi na biyu, ua neeb kho, wato gyara. A ranar, mai neeb yakan zauna a kan dogon benci yana fuskantar teburin da aka keɓe wa mataimakansa. Yakan rufe fuskarsa da ƙyalle baƙi ko ja, ya sa ƙararrawa a yatsu, ya riƙe wani zoben ƙarfe mai kacau-kacau. Mataimakinsa na fili yana bayansa yana kaɗa faifan ƙarfe. Daga nan jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi ta waƙa yana tsalle a kan bencin har tsawon sa'o'i. Bencin nan shi ne dokinsa, wanda yake hawa ya tafi ɓoyayyar duniya tare da rundunarsa, ya nemo plig ɗin da ya ɓata, ya yi ciniki da wanda ya riƙe shi.

Abin fansa yakan zama kaza ko alade, wani lokaci saniya, tare da takardun da ake ƙonawa a matsayin kuɗin waccan duniyar. Ana jefa ƙahon ɓauna da aka tsaga biyu a ƙasa, yadda ya kwanta shi yake nuna ko an karɓi cinikin. Naman kuma dafa shi ake yi, dangi da maƙwabta su ci tare.

Abu biyu ne suka kamata a riƙe a nan. Na ɗaya, mai neeb ba ya yanka jiki, ba ya ɗibar jini, kuma a wannan aiki ba ƙwaya yake bayarwa ba. Plig yake nema, don haka a idon masu wannan imani ba ya takara da likita. Na biyu, bikin yakan tara dangi gaba ɗaya a kan majinyaci ɗaya, kowa ya kashe kuɗinsa da lokacinsa. Ko wanda bai yarda da neeb ba zai iya ganin tasirin wannan ga mutumin da gudun hijira ya raba da gidansa da gonarsa.

6.0 Labarin Lia Lee

An haifi Lia Lee ranar 19 ga Yuli, 1982, a garin Merced na jihar Kaliforniya. Iyayenta 'yan gudun hijira ne daga Laos, ba sa jin Turanci, ba sa kuma karatu da kowane harshe. Tana da wata uku aka buga ƙofar gidansu da ƙarfi, sai ta sanƙame idanunta suka juye. Iyayen suka fahimci cewa ƙarar ce ta firgita plig ɗinta ya gudu. Suka kira ciwon qaug dab peg, ana furtawa kusa da "kau da pe". Qaug faɗuwa ke nan, dab halittar ɓoye, peg kuwa kamu ko bugu. Likitoci suna kiran wannan ciwo farfaɗiya.

Sau biyu a ƙarshen 1982 aka kai ta asibiti, amma kafin a isa jijjigar ta tsaya, kuma babu tafinta. Likitoci suka ga alamar ciwon ƙirji a hoto, suka ba da maganinsa suka sallame su. Sai a watan Maris na 1983, da aka kawo ta tana cikin jijjiga tare da wani ɗan'uwa mai ɗan jin Turanci, aka gane ainihin ciwon.

A ilimin likita, farfaɗiya hargitsewar saƙonnin lantarki ce a ƙwaƙwalwa. Maganinta yana aiki ne idan ana shan sa kullum a kan ƙa'ida, yadda adadinsa a jini ba zai sauka ba, kuma jijjiga mai tsawo tana iya hana ƙwaƙwalwa iskar da take bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne suke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Don haka damuwar likitocin Lia tana bisa hujja.

Su ma iyayen suna da tasu hujjar. A al'adarsu qaug dab peg ciwo ne mai haɗari, amma kuma yana iya zama alamar cewa neeb sun zaɓi mutum. Ba su ƙi maganin asibiti ɗungurungum ba. Sun fi son a haɗa hanyoyin biyu, suna kuma ganin yawan ƙwayoyi yana galabaitar da 'yarsu. Kafin ta kai shekara huɗu da rabi an kwantar da ita sau 17, an kuma sauya mata tsarin magani sau 23, duk a rubuce da Turanci ga mutanen da ba sa karatu. Wani maganin suna ba ta, wani su rage, wani su daina. A 1985 kotu ta ɗauke ta daga hannunsu ta ba wasu riƙo na kusan shekara ɗaya. Aka mayar da ita gida a 1986, kuma daga nan iyayen suka riƙa ba ta magani ɗaya tak da aka rubuta mata yadda aka ce.

A ƙarshen Nuwamba 1986 ta yi jijjiga mafi muni, ƙwayoyin cuta kuma suka shiga jininta. Aka garzaya da ita asibitin yara na Fresno, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta lalace. Aka mayar wa iyayen ita bisa zaton kwanakinta kaɗan ne suka rage. Suka yi ta jinyarta a gida, suna ciyar da ita, suna yi mata wanka, suna kiran mai neeb lokaci-lokaci. Ta rayu kusan shekara 26 a haka, ba magana ba tafiya, har ta rasu a Sacramento ranar 31 ga Agusta, 2012, tana da shekara 30.

Marubuciya Anne Fadiman ce ta fito da wannan labari a littafinta na 1997, The Spirit Catches You and You Fall Down, wanda sunansa fassarar qaug dab peg ne. Littafin ya shiga manhajar makarantun likitanci da dama a Amurka. Ya kuma sha suka. Masaniyar al'adu Janelle Taylor, a 2003, ta yi gargaɗin kada a mayar da al'ada wani dutse maras motsi da ake ɗora wa kowane laifi. Wannan gargaɗi yana da amfani, domin rashin tafinta da yawan sauya magani ba al'adar Hmong ba ce.

7.0 Gyare-gyaren da Aka Samu

Tun kafin lamarin Lia ya ƙare, an ga misalin wata hanya a sansanin Ban Vinai. A 1985 wani masani ɗan Amurka, Dwight Conquergood, ya tarar an yi shelar allurar haukan kare ga karnukan sansanin amma mutane ba su kawo su ba. Sai ya haɗa kai da 'yan Hmong suka shirya jerin gwano da kiɗa da waƙa, wasu suka yi shigar damisa da kaza da dab, kamar yadda suke a tatsuniyoyinsu, suna bayani da harshen Hmong. Washegari wuraren allurar suka cika da karnuka.

A garin Merced kuwa, wata ƙungiya mai suna Healthy House ta fara wani shiri a 2000, inda masu neeb suke yin kwas na mako bakwai. Ana nuna musu ƙwayoyin cuta ta madubin likita, a zagaya da su ɗakin tiyata, a bayyana musu dalilin gwajin jini. Su kuma likitoci suna koyon ma'anar bukukuwan. Ya zuwa 2009 masu neeb 89 sun yi wannan kwas. A shekarar ce asibitin Mercy na garin ya kafa ƙa'ida a rubuce, irinta ta farko a Amurka, wadda ta ba masu neeb katin shaida da damar shiga wajen majinyata kamar sauran malaman addini. An amince da bukukuwa tara, ciki har da kiran plig da ɗaura zare. Yanka dabba kuwa ba a cikin asibiti ake yin sa ba. Ribar da aka nema ita ce majinyaci ya daina jinkirin zuwa asibiti, mai neeb kuma ya san alamomin da zai ce wa dangi su tafi wajen likita ba tare da ɓata lokaci ba. Kiran plig ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya kuma maye gurbin maganin farfaɗiya. Amma wanda aka kira masa plig yakan fi sakin jiki ya yarda a yi masa tiyata.

Akwai kuma dabarar Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adu a Jami'ar Harvard, wanda tun 1978 shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar likita ya riƙa tambayar majinyaci ra'ayinsa: sunan da yake kiran ciwon, abin da yake ganin ya jawo shi, dalilin farawarsa a lokacin da ya fara, abin da ya fi tsoro game da shi, da irin maganin da yake sa ran samu. Tambayar farko a cikinsu tambaya ce ta harshe.

8.0 Gwajin Fassara Zuwa Hausa

Yanzu bari mu sa kanmu a matsayin mai fassara. Da wace kalma za mu kira txiv neeb? Idan muka ce boka, mai karatu zai hango mai saiwoyi da layu, alhali a wajen Hmong mai ganye daban yake. Idan muka ce ɗan bori, mun matso kusa ta fuskar kiɗa da rawar jiki da kiran da yake zuwa ta hanyar ciwo. Sai dai akwai bambanci babba. A bori iska ce take hawan mutum, shi ya sa ake kiran wanda aka hau doki ko goɗiya. A neeb kuwa mutumin ne mahayi, shi yake hawa doki ya tafi can. Saboda haka a wannan maƙala aka bar kalmar yadda take, aka ce mai neeb.

Plig fa? Kalmar rai ba ta dace ba, domin wanda rai ya bar jikinsa ya mutu, amma wanda plig ɗinsa ya faɗi yana yawo da ƙafarsa. Kurwa ta fi kusa, tun da a al'adar Hausa ana cewa an kama kurwar mutum alhali yana raye yana ramewa. Duk da haka dole mai fassara ya ƙara bayani cewa plig ba ɗaya ba ne.

Qaug dab peg tana da fassara biyu. Farfaɗiya, wadda mai kunnen Hausa zai ji faɗuwa a cikinta, tana bayyana abin da ido ya gani ne kawai. Bugun iska kuwa ya ɗauko har da abin da ake zaton ya jawo ciwon. Tafintan da ya ce wa likita farfaɗiya bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da rabin saƙon a hanya, kuma wannan rabin ne zai nuna ko za a sha magani ko ba za a sha ba.

Haka nan Hmong suna ɗora motsin rai a kan hanta, wato siab. Zoo siab, hanta mai kyau, shi ne farin ciki. Nyuaj siab, hanta mai wuya, shi ne damuwa. Tafintan da ya bi kalma da kalma zai sa likita ya tura mai damuwa gwajin hanta, kamar yadda baƙo zai iya tura mai baƙin ciki wajen likitan ciki. Akwai kuma dab tsog, wanda yake danne mai barci ya hana shi motsi, daidai da abin da Hausawa suke kira dannau. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980 sama da mutum 100 daga cikin 'yan gudun hijirar kudu maso gabashin Asiya, yawancinsu maza masu jini a jika, sun mutu cikin barci a Amurka, kuma abin ya fi tsanani a tsakanin Hmong. Daga baya bincike ya danganta irin wannan mutuwa da wata matsalar bugun zuciya. Wanda ya ce dab tsog yana zuwa masa, to labarin jikinsa yake bayarwa da harshen da ya iya, kuma ya cancanci a duba shi.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa likitocin Lia Lee da iyayenta duk lafiyarta suke nema, amma kowane ɓangare yana kiran ciwon da sunan da ɗayan bai sani ba. An kuma ga cewa da asibitin Merced ya buɗe wa masu neeb ƙofa, bai sauke ko ɗaya daga ƙa'idojin likitanci ba, sai dai ya samu hanyar isa ga majinyata. Ɗalibin da zai yi aikin tafinta a asibiti ko kotu, ko ya fassara saƙon rigakafi a rediyo, ya kamata ya saba da tambayar abin da mai magana yake nufi da kalmarsa kafin ya nemo mata takwara.

10.0 Aikin Gwaji

1. Ka rubuta yadda ake furta waɗannan kalmomi, ka kuma faɗi karin sautin kowace: neeb, dab, siab, pom.
2. Ka kawo sunayen cututtuka biyar a Hausa, ka raba waɗanda suke bayyana alamar ciwo da waɗanda suke bayyana sanadinsa.
3. Ka tattaro kalmomin motsin rai goma da Hausa ta gina a kan ciki ko zuciya ko rai, ka gwada fassara su zuwa wani harshen Nijeriya da kake ji.
4. Majinyaci ya ce maka, "An kama kurwata." Ka rubuta jimla uku da za ka faɗa wa likitan da ba ya jin Hausa, ba tare da ka rage saƙon ko ka yi wa majinyacin izgili ba.